Daso da Katin Wancan

In kun ji a kasuwar Guci ana cewa wata tsohuwa a ƙasar Dungas ta jefa ƙuri'a sau goma sha bakwai da katunan matattu, har yatsun hannunta suka ƙare aka koma shafa wa na ƙafa tawada, to taubashiyata ake nufi, Daso ta Kukar Sale. Wasu ma sun ce tun da sassafe ta je maƙabarta ta taso su, ta jera su a layi, manya gaba yara baya, tana bi tana gyara musu likkafani. Ban san wanda ya fara zancen ba. Na yatsun ƙafar dai ni na ƙara.

Gaskiyar magana, a zaɓen nan Daso ko ƙuri'a ɗaya ba ta jefa ba. Kati ɗaya ta nema, ba ma nata ba, kuma ba don ƙuri'a ba. A gabana aka yi komai, ni Tanko, don haka ku saurara.

Babanta yayan innata ne. Ita 'yar namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando take kirana bawanta, ni kuma nake ce mata guntuwa. Guntuwar ce kuwa. In ta tsaya bayan turmi sai ka ɗauka taɓarya ce ke daka ita kaɗai. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ƙulinta ya karya haƙoran da suka fi na garinmu yawa, biyu daga ciki nawa ne. Ni kuwa na yi lakwal har aji biyar, sai mushe, malaminmu, ya ce kaina ya cika, in je gida in rage. Ban koma ba. Amma da wannan aji biyar ɗin nake karanta wa dangi duk wata takarda, wadda na gane da wadda ban gane ba.

Daso ta haihu tara da marigayi Mas'udu, shida suka tsaya. Na farinsu Ɗalhatu. A wajenmu kowace mace tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Amma mata da yawa suna yi ne suna hutawa. Daso ba ta huta ba. Ranar da aka yaye shi ta miƙa wa uwar mijinta, ɗaki na kallon ɗaki a gida ɗaya, daga nan ya zama "wancan". Ku kai wa wancan tuwo. Wancan ya dawo daga gona? In ya shigo gaishe ta, sai ta ba shi baya ta amsa wa bango. Ƙeyarsa kuwa ta san ta fiye da wanzaminsa, don in ya juya zai fita, nan take ɗagowa. Na sha kama ta. In na ce, guntuwa, me kike kallo, sai ta ce kaza take dubawa.

Yana shekara bakwai jaki ya kayar da shi a bakin rijiya, kansa ya bugi kwami, aka shigo da shi jini ya rufe fuska. Daso tana daka. Ina wurin. Taɓarya ta tsaya a sama kamar numfashi biyu, sannan ta ci gaba. Kakarsa ce ta wanke shi ta ɗaure. Daso ba ta taɓa tambayar inda ya fashe ba, mata suka yi ta yabon kunyarta har a wurin biki. Shi kuma da ya girma sai ya riƙa jan hula har kan gira, ko a gona ba ya cirewa.

Shekarar da za a yi zaɓen 2020 aka shigo da maganar sabon kati mai hoto da zanen yatsa. Da, in ba ka da takarda, mutum biyu su tsaya su ce sun san ka, sai ka jefa. Aka ce an daina. A fadarmu ta gindin bedi, inda muke shan shayi bayan la'asar, maganar nan ta raba mu gida biyu. Ɗalhatu ne uban masu son kati. Yakan ce da shaidun nan aka yi ta cutar talaka, akwai wani dattijo a garin nan da ya rasu tun yana yaro amma zaɓe uku bai fasa ba, kuma ya fi masu rai sammako. Ni kuma ina ɗaya ɓangaren. Na ce to tsofaffin da aka haifa shekarar fara fa, wa ya rubuta su? Wadda duk garin nan ta yanke wa rabi cibi, sai wani inji daga Yamai ya ce bai san ta ba? Ya ce, Kawu, alƙali zai zo har lakwal ya ba kowa jijma, takardar da ke tsaya wa mutum a madadin ta haihuwa, kyauta, wanda ya rasa shi ya so. Matacce dai ya gama zaɓe a ƙasar nan. Haka ya faɗa, ya kurɓe shayinsa.

Alƙalin bai iso lakwal ɗinmu ba, a garin gaba ya sauka, kwana biyu. Ɗalhatu ya ɗaura jaki a sharet, ya shimfiɗa tabarma, ya aiki ƙanwarsa Ummul Khairi ta gaya wa Inna ta fito ya kai ta. Daso ta ce ita da wancan a kan sharet ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, gari na kallo? Gobe za ta bi mata a ƙafa. Ya daɗe a ƙofar gida da linzami a hannu, sannan ya kwashi tsofaffin maƙwabta ya tafi. Goben ta zo, ta tarar da gyaɗa a kan wuta, ga kasuwa jibi. Da ta shirya, alƙali ya naɗe tabarmarsa. Da masu inji suka zo aka ce sai mai takarda, Daso ta ce dama ita ba ta da lokacin zama a gaban gilashi.

Ɗalhatu ya sa shuɗiyar rigarsa ya je aka ɗauke shi. Ya dawo yana mita wai sun sa shi ya cire hula.

Kafin ruwa ya sauka ya bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Jado, wurin haƙar zinari, ya ce zai dawo noma na biyu. Rijiya ta rufta da su, su huɗu. Salularsa, kartidantite ɗinsa na shaidar ɗan ƙasa, da 'yar takardar da masu inji suka ba shi, duk suna aljihunsa, kuma ba a tono kowa ba. Ni aka kira, ni na shiga na faɗa. Na tarar da ita tana suya. Ta yi salati sau ɗaya, ta ce ƙulin zai ƙone, ta ci gaba da juyawa. A zaman makoki mata suka sake yabon ta, wai ko hawaye ɗaya. Ni kaɗai na lura ƙulin ranar ba gishiri, Daso da ba ta taɓa mantawa ba.

Bayan sadakar arba'in ta aika a kira ni. Na zauna, na fara tsokanarta. Tana tsince gyaɗa a faifai ta ce, "Bawa, wannan injin da ya ɗauki mutane, yana riƙe fuska ko zubarwa yake?"

Na ce yana riƙewa, a kan kati za ta fito.

"Har ta wanda ba ya nan?"

Sai a lokacin na gane. Na bi abokansa ɗaya bayan ɗaya ina neman hotonsa. Matarsa ba ta da salula. Samarin garinmu kuwa sun cika nasu da hoton moto da 'yan kokawa. A wurin wani dillali a Dogo-Dogo na samu guda ɗaya: hoton rago ne, an ɗauka don mai saye, a gefe ga hannun Ɗalhatu riƙe da igiya. Hannun kawai. Na roƙi dillalin ya biyo ni har gida. Daso ta riƙe salular nan har fuskar salular ta mutu a hannunta, aka taɓa ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Dillali ya ce rana na yi. Da ta miƙa masa sai ta ce ragon yana da kyau.

Katuna suka iso bayan kaka. Aka ɗora rabonsu a kan Mushe Abdoul Razak, malamin lakwal ɗinmu, mutumin kirki mai tsoron takarda, ga delege biyu na jam'iyyu zaune hagu da dama suna gadin juna kamar zakaru. Na raka ta. Mushe ya tambaya katin wa take nema. Ta ce na wancan. Ya ce wane? Ta kalle ni, na faɗi sunan. Mushe ya ajiye biro ya yi mata ta'aziyya, ya ce kati sai mai shi, hannu da hannu, na mamaci kuwa ko ɗaurin ba a kwancewa. Delege ɗaya ya ce ai ga irinta nan, da haka ake farawa. Ɗayan ya ce a ba ta mana, uwa ce, don ya san gidan Mas'udu 'yan jam'iyyarsu ne. Suka kaure da musu a kanta tana tsaye, wannan yana cewa doka, wancan yana cewa zalunci, ba wanda ya tambaye ta me za ta yi da shi. Mushe ya raka mu bakin ƙofa ya ce a hankali, in ta kawo takardar rasuwarsa da tata takardar da ke nuna ko ita wace ce, zai tambayi na sama. Bai yi alkawari ba.

Daga nan muka shiga yawo. Daso da ba ta taɓa wuce Guci ba sai ga ta a bayan moto, ta riƙe rigata kamar za ta yage. A meri, ofishin magajin gari, suka ce takardar rasuwa sai da shaidar waɗanda suka ga abin, su kuwa suna can arewa cikin wata rijiyar. Tata jijmar kuma sai mutum biyu da suka san haihuwarta. Muka duba garin kaf, saura Ya Kaka, wadda ta kai shekara ɗari da hamsin a lissafina, ba ta hawa moto, kuma in ka tambaye ta Daso sai ta ce ai jiya aka yi sunanta. Aka yi zaɓen konseye, wato kansiloli, muna hanya. Aka yi na shugaban ƙasa muna hanya. Sai aka ce saura zagaye na biyu, daga shi za a kwashe duk katin da ba a karɓa ba a mayar, kuma ba wanda ya iya gaya mana ina.

Ana saura kwana uku Mala ya zo. Mala ɗan siyasar ƙauye ne, mai sabon moto, irin wanda ke gaishe ka da hannu biyu ido na kan rumbunka. Ya durƙusa ya ce, Inna, abin nan ba wuya. Ranar zaɓe katunan da suka rage suna kan tebur. Akwai yaro a garin gaba, tsayinsu ɗaya, baƙinsu ɗaya. In aka kira suna ya amsa, ya jefa, ya fito, kafin azahar kati yana hannunki, naki har abada. Abin da ake so kawai, in wani ya yi gardama, ki ce ɗanki ne ya dawo.

Zan faɗi gaskiya ko da ba halina ba ne: ni na ce ta yarda. Na ce guntuwa, ƙuri'a ɗaya ba ta kayar da ƙasa, wata nawa muna cin ƙasa a hanya. Ta yi ta murza bakin zanenta. Na ga yadda take so. Wallahi na gani.

Sannan ta ce, "Mala, shekara talatin da huɗu ina riƙe da sunan nan a bakina ban sake shi ba. Ba zan tsaya wani ya amsa shi ina ji ba. Tashi, an gode."

Mala ya tashi ya karkaɗe gwiwa. Ina zaton daga bakinsa zancen matattun ya fara fita, don kada a riga shi.

Ranar zaɓe ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta shiga layin mata ba kati ba takarda. Na ce me za ki yi? Ta ce in yi shiru in biyo ta. Mushe Abdoul Razak ne shugaban biron zaɓe a lakwal. Tun da safe an yi rigima kan masu ɗaukar hoton ƙuri'arsu, don haka ya sa kowa ya bar salula a wani kwano a bakin ƙofa. Tawa ma, da na aro don wannan rana, can ta zauna.

Layi ya kawo ta gaban tebur. Ajin cike, mata a baya, delege a gefe, ga katunan da suka rage a kwali, ɗaure da roba. Mushe ya ce, Inna, kin san ba yadda zan yi. Ta dafa tebur da hannu biyu, teburin ya kusa kai mata ƙirji.

"Ɗalhatu Mas'udu," in ji ta. "Ni na haife shi. Ba ɗauka zan yi ba. Gani zan yi."

Ban taɓa jin sunan nan ya yi nauyi haka ba. Ta faɗe shi a karkace, kamar mai ɗanɗana abincin da ba ta saba ba. Matan da ke bayanta, waɗanda suka yi shekara talatin suna yabon kunyarta, duk suka sunkuyar da kai. Delegen nan mai cewa doka ya buɗe baki, ya ce kati dai ba ya barin tebur, amma a hankali ya faɗa, yana kallon takalminsa. Mushe ya ce ba zai bari ba. Ya kwance roba, ya yi ta juyawa, ni ina leƙe ta kafaɗarsa, na riga shi ganin sunan. Ya zare shi, ya riƙe da yatsunsa biyu a sama yadda kowa zai shaida bai sake ba, ya matso da shi gaban fuskarta.

Ga shi nan, shuɗiyar riga, ba hula, ya zare ido kamar an kama shi da satar mangwaro.

Daso ta kalla. Ba ta kai hannu ba, hannayenta suna kan tebur. In na ce muku awa uku ta yi za ku ce halina ne, to ban san ko nawa ba ne. Na dai san hannun Mushe ya gaji ya tallafe shi da ɗayan, kuma a layin nan ba wadda ta ce a yi sauri, har mai goyon da ɗanta ke kuka fita ta yi da shi.

Can ta ce, "Ashe a gira ne."

Mushe bai gane ba. Ni na gane, na fita waje na tsaya bayan aji ina duba wani abu a jikin bango.

Aka mayar da kati cikin 'yan uwansa, aka ɗaure roba. Da yamma aka rufe kwalin aka sa a mota tare da akwati. Daso ta koma gida, ta shiga ɗaki, ta yi kukan da ta ajiye tun ranar jaki. Ummul Khairi ta ce har magariba ana jin ta daga ƙofar gida, tana kiran sunan, tana sakewa, kamar mai biyan kwanakin azumi. Wasu tsofaffi suka ce ta zubar da kunyarta da girmanta. Ba ta bi ta kansu ba.

Jijmarta ta fito da bazara, bayan maigari ya tsaya mata shi da limam. An rubuta an haife ta wajen shekara kaza, suka ƙara mata shekara shida. Muka kai wa Mushe, ya rubuta wasiƙa, ya sake rubutawa, aka canza shi zuwa wani gari. Har yau ba mu san ɗakin da kwalin nan yake ba, ko yana nan ma. Takardar tana cikin kwallarta, naɗe a leda, ba ta taɓa amfana mata komai ba. A fada kuwa har gobe in rediyo ta taso da zancen kati ana musu, masu so da masu ƙi, kowa da gaskiyarsa. Ni na daina sa baki. In na ce kati ya cuci tsofaffi, sai in tuna ba don shi ba da ba ta gan shi ba. In na ce ya yi daidai, sai in tuna kwalin.

Yanzu ta rage suya, idonta ya fara hazo. Ranar Juma'ar da ta wuce na je na same ta a inuwar rumbu, na ce bari in motsa ta. Na ce, ina uwar matattu, mai ƙuri'a goma sha bakwai? An ce za a sake sabon kati, ki shirya jama'arki. Na ce kuma ni fa ban ga abin wahala ba, mace ta yi wata huɗu a bayan moto, ta tsayar da zaɓen ƙasa guda, don kallon da bai kai a sha ruwa ba. Da kin tambaye ni, ni da na yi shekara talatin da huɗu ina shan shayi da shi, da na zana miki shi a ƙasa.

Ta ce, to malamin aji biyar, tabon a wace gira yake?

Na ce ta dama.

"Ta hagu ce, can wajen wutsiya, ya raba gashin biyu. Shekara talatin da huɗu ka yi kana kallonsa, ni sau ɗaya na kalla. Tashi ka ba ni wuri, bawan banza, kana tare mini iska."